Rage Ƙarar Janaretan Jirgin Ruwa da Haɗa Allon Sarrafa Shi: Abin da Dokoki Suka Ce da Abin da Suka Bari

A 'yan shekarun nan an fito da ƙa'idoji daban-daban game da ƙara da hayaƙin injinan jiragen ruwa, har yawansu ya sa masu ƙananan jirage da ma'aikatan da ke kwana a kan ruwa ba su san wacce ta shafe su ba. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, ta fara tilasta ƙa'idarta ta ƙara a ranar 1 ga Yulin 2014, Tarayyar Turai tana da tata dokar ta 2013 a kan jiragen shaƙatawa, hukumomin koguna da magudanan ruwa na Birtaniya kuma sun wajabta na'urar gano hayaƙi mai guba tun daga Afrilun 2019. A ɗaya gefen, kamfanoni na tallata janaretoci da suke cewa ba su da ƙara, kowanne da lambarsa, kuma lambobin ba sa kwatantuwa da juna.

Mutane da dama suna ɗaukar rage ƙara a matsayin aikin makanike, haɗa allon sarrafawa kuma aikin mai gyaran wuta, alhali aikin guda ne. Kunnen mai jirgi shi ne abu na farko da ke sanar da shi cewa inji ya sauya murya ko ruwan sanyaya shi ya daina fita. Da zarar an rufe injin a akwati an kashe ƙararsa, wannan gargaɗin ya tafi, zafi da hayaƙi kuma sun sami wurin taruwa, saboda haka dole wani abu ya karɓi aikin da kunne yake yi.

Yadda ake auna ƙara

Ana auna ƙara da desibel, kuma lissafinsa ba irin na mudu ko kilo ba ne. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, amma sai an sami ƙarin kusan desibel 10 kunnen ɗan Adam yake jin kamar ƙarar ta ninka. Idan janareta biyu masu desibel 70 suna aiki tare, abin da za a samu desibel 73 ne, ba 140 ba. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da kusan desibel 6.

Wannan batu na nisa shi ne ke rikita masu saye. Wani kamfani yana auna ƙarar injinsa daga mita 1, wani daga mita 7, kuma tsakanin ma'aunan biyu akwai bambancin kusan desibel 17 ga inji iri ɗaya. Janaretan da aka rubuta masa 54 daga mita 7 yana iya zama daidai da wanda aka rubuta masa 71 daga mita 1. Haka kuma lambar ba ta cika ma'ana sai an san ko an auna ta ne injin yana ɗauke da kaya ko yana juyi a banza. Ta fuskar lafiya, masana kiwon lafiyar ma'aikata sun ɗauki desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyakar da ji ke fara lalacewa idan aka ƙetare ta.

Hanyoyi uku da ƙara ke bi

Ƙarar janareta tana isa kunne ta iska, ta gangar jikin jirgin, ko ta bututun hayaƙi, kuma kowace hanya da nata maganin. Wanda ya kashe kuɗinsa duka a kan guda ɗaya yakan tarar bai ji wani sauyi ba.

Ƙarar da ke bin iska ita ake tarewa da akwati. Jikin akwati mai kyau hawa-hawa ne: soso mai shanye sauti daga ciki, sannan shimfiɗa mai nauyi ta dalma ko roba mai kauri wadda ke hana sautin ƙetarewa, sannan wani soson da ke raba shimfiɗar da bangon akwatin, a fuskar da ke kallon inji kuma wata siririyar fata mai hana mai da tiririn dizal shiga soson. Soso shi kaɗai yana rage amsa-kuwwa ne kawai, nauyi ne ke tare sauti, kuma a lissafi ninka nauyin bango yana ƙara tarewar da desibel 5 zuwa 6. Abin da ya fi lalata aikin shi ne kafa. Idan ramukan da wayoyi da tiyo suka bi, tare da bakin murfin da bai zauna daidai ba, suka kai kashi 1 cikin 100 na faɗin akwatin, ragin ba zai wuce desibel 20 ba komai tsadar kayan da aka lulluɓa. Tun da inji ba ya aiki sai da iska, ba a toshe mashigarta, sai dai a yi mata hanya mai lanƙwasa da aka shimfiɗa wa soso, yadda iska za ta wuce amma sauti ba zai sami miƙaƙƙiyar mafita ba.

Ƙarar da ke bin gangar jiki ta fi wuyar ganewa, domin mutum yana iya jin gunjin a ɗakin kwana da ke nesa da injin fiye da yadda yake jin sa a kusa da shi. Duk wanda ya taɓa ajiye wayar hannu mai rawa a kan farantin ƙarfe, sannan ya mayar da ita kan katifa, ya san bambancin: wayar ba ta sauya ba, abin da take kai ne ya sauya. Shi ya sa ake ɗora janareta a kan ƙafafun roba masu laushi, wani lokaci hawa biyu, wato inji a kan roba a cikin akwati, akwatin kuma a kan wasu ƙafafun a kan tushe mai nauyi. Amma bututun mai guda ɗaya na ƙarfe da aka ɗaure kai tsaye daga inji zuwa bango ya isa ya kwashe girgizar ya zuba wa jirgin, ya mayar da ƙafafun robar kayan ado. Don haka duk abin da ya fita daga injin, na mai ne ko na ruwa ko na wuta, ya kamata ya kasance mai lanƙwasuwa kuma a bar masa ɗan sako-sako. Sauti yana gudu a ruwa da kusan mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, kuma girgizar da ta shiga gangar jiki tana fita har cikin ruwan.

Hanya ta uku ita ce ta fi damun maƙwabta. Yawancin janaretocin ƙananan jiragen teku suna zuƙo ruwan da jirgin ke kai da famfo mai fuka-fukan roba, su sanyaya inji da shi, sannan su feshe shi cikin hayaƙin a wata gwiwa da ke bayan injin. Hayaƙin da ya fito da zafin ɗaruruwan digiri sai ya huce har tiyon roba ya iya ɗaukarsa, ya faɗa cikin wata tukunya da ke aikin salansa, ƙarfin hayaƙin kuma ya tura ruwan waje. Abin da ake ji da dare daga jirgin da ya yada anga sau da yawa ba injin ba ne, fantsamar wannan ruwan ce, kuma maganinta wata na'ura ce da ke raba ruwa da hayaƙi, ta sauke ruwan ta ƙarƙashin jirgi, hayaƙin kuma ya fita ta sama a bushe. Tsarin yana da tarkonsa. Idan injin yana kusa da layin ruwa, wato iyakar da ruwa ke kaiwa a jikin jirgi, ko ƙasa da shi kuma ba a sa bawul mai katse zuƙo a saman tiyon ba, ruwa yana iya ci gaba da kwarara bayan an kashe inji har ya cika silinda. Haka ma idan aka yi ta murza makunni inji bai tashi ba, famfon yana ta cika tukunyar babu hayaƙin da zai kore ruwan, daga nan sai ya koma cikin inji.

Inda neman shiru ya zama haɗari

A ranar 1 ga Afrilun 2013, wata mata da 'yarta mai shekara 10 sun rasu a cikin jirgin shaƙatawa mai suna Arniston a tafkin Windamiya da ke arewacin Ingila. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya ta gano cewa an ɗauki ƙaramin janareta na fetur, irin wanda aka ƙera don amfani a fili, an girke shi a ɗakin inji domin ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, an kuma haɗa masa bututun hayaƙi da salansa na ƙirar hannu. Zafin hayaƙin ya narkar da abin da aka liƙe gaɓoɓin da shi, bututun ya rabu, iskar kabon monoksaid ta cika ɗakin da suke barci, na'urorin gargaɗin da ke cikin jirgin kuma ba sa aiki. Wannan iska ba ta da launi ko wari, kuma injin fetur ya fi na dizal fitar da ita nesa ba kusa ba.

Amurka ta ga nata darasin a tafkin Fawel da ke iyakar jihohin Yuta da Arizona, inda a watan Agustan 2000 wasu yara biyu 'yan gida ɗaya suka mutu suna iyo a bayan wani jirgin kwana. Masu ƙera irin waɗannan jirage sun kasance suna fitar da hayaƙin janareta zuwa ƙarƙashin dandamalin baya, wurin da ya zama aljihun da guba ke taruwa. A 2001 rundunar tsaron gaɓar tekun ƙasar ta sa aka janye jiragen masu wannan tsari domin a gyara, hukumar kula da lafiyar ma'aikata kuma ta goyi bayan fitar da hayaƙin ta dogon bututu da ke tashi sama da rufin jirgi.

Bayan hayaƙi sai zafi. Akwatin da aka matse yana ɗaga zafin iskar da inji ke shaƙa, wanda ke rage masa ƙarfi, ya gajarta ran naɗin wayoyin da ke samar da wuta, ya kuma busar da bel da tiyo. Soson katifa na kasuwa yana shan mai kuma yana kamawa da wuta cikin sauƙi, don haka bai dace da ɗakin inji ba.

Abin da allon sarrafawa ya ƙunsa

Janaretan jirgi yakan zo da ƙaramin allo a jikinsa, sannan a ja wani zuwa wurin matuƙi ko kusa da ɗakin zama. Mafi sauƙinsu yana da makunnin ɗumama silinda kafin tayarwa, makunnin tayarwa da kashewa, da mitar ƙirga awannin aiki, wadda da ita ake sanin lokacin juyen mai. Cikakken allo yana ƙara gejin matsin man inji, gejin zafin ruwa, ma'aunin bolt, ma'aunin amfiya da ma'aunin hez, wato yawan juyawar wutar a daƙiƙa. Na ƙarshen nan shi ake yawan rainawa, alhali yana faɗin gudun injin kai tsaye: idan allurar ta sauka daga 50 zuwa 47 lokacin da aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, ko dai kaya sun yi yawa ko mai ba ya isa inji.

Geji yana da amfani ne idan akwai mai kallonsa, janareta kuwa yakan yi aiki mutane suna barci. Saboda haka ginshiƙin tsarin shi ne makunnan da ke kashe inji da kansu, waɗanda aka saba sa guda uku: na faɗuwar matsin mai, na hauhawar zafin ruwan inji, da na zafin gwiwar hayaƙi. Na ukun ne ya keɓanta da jirgin ruwa, domin idan leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwa, tiyon hayaƙi yana iya ƙonewa kafin gejin zafin inji ya motsa, tiyon da ya ƙone kuma ƙofa ce ga hayaƙi da ruwa su shigo. A tsofaffin janaretoci mai tayarwa yakan riƙe makunnin ɗumamawa na 'yan daƙiƙu bayan inji ya kama, saboda makunnin ne ke tsallake kariyar matsin mai har man ya hau. Makaniken da ya gaji da inji mai yawan mutuwa ya haɗa waya ya tsallake kariyar dindindin, ya kawar da alamar ne ya bar cutar. Idan ɗakin injin yana da na'urar kashe gobara mai aiki da kanta, ana haɗa ta da allon domin ta kashe janareta, in ba haka ba injin zai zuƙe iskar kashe wutar ya fitar da ita ta salansa.

Wayar da ake amfani da ita mai silli-silli ce ta jan ƙarfe, an fi son wadda aka shafa wa kuza saboda tsatsa, domin waya mai sanda ɗaya irin ta gini tana karyewa da girgiza. Idan allon yana da nisa da inji, siririyar waya tana zubar da bolt a hanya har na'urar buɗe mai ta kasa riƙewa, shi ya sa ake sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa daga nesa, kusa da injin, a bar wa dogon layin ɗaukar umarni kawai. Ana kuma raba ɓangaren wutar batir da na babbar wuta a bayan allon, a rufe na biyun da murfi.

Wutar tasha da wutar janareta

Jirgin da ke tsayawa a tasha yana da mafarin wuta aƙalla biyu, na tudu da na janareta, wani lokaci da inbata ta uku. Duk wanda ke da janareta a gida ya san makunnin sauya layi, kuma ƙa'idar ɗaya ce: dole a katse ɗaya kafin a haɗa ɗaya, ta makunni mai juyawa ko birekoki biyu masu sakata da ke hana a ɗaga su tare. A jirgi ana katse wayar wuta da wayar dawowa duka biyu. Dalili shi ne ana haɗa wayar dawowa da wayar atin (wayar kariya da ke kwashe yoyon wuta) a mafarin wutar kaɗai, wato a jikin janareta idan shi ke aiki, a tudu kuma idan wutar tasha ce. Idan aka bar haɗin na cikin jirgi yana nan alhali an jona da tasha, wani kaso na wutar zai nemi komawa ta ƙarfen jirgi da ruwa.

Wannan ya fi haɗari a ruwan daɗi. Ruwan gishiri ya fi jikin mutum ɗaukar wuta, don haka yawancinta takan kewaye shi, amma a kogi ko tafki jikin mai iyo ne hanya mafi sauƙi, kuma ƙaramar wuta ta isa ta sandarar da gaɓoɓinsa ya nutse. Saboda haka ƙa'idar ABYC, majalisar da ke tsara ma'aunan ƙananan jirage a Amurka, ta nemi a sa na'urar da ke katse wuta idan yoyonta ya kai miliamfiya 30 a kan babban layin da ke shigowa daga tasha.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko a kan gudun inji ne. Don samar da wuta mai hez 50, janareta mai kan maganaɗisu huɗu yana juyi 1,500 a minti, mai biyu kuma 3,000. A tsarin hez 60 lambobin su ne 1,800 da 3,600. Masu goyon bayan mai jinkiri, irin wanda aka san kamfanin Northern Lights da shi, suna kafa hujja da tsawon rai da sauƙin gyara, da cewa muryarsa mai kauri ba ta cika damun kunne ba. Masu goyon bayan mai sauri, wanda Fischer Panda ya yi suna a kai, suna cewa ya fi ƙanƙanta da rashin nauyi, kuma siririyar ƙara ta fi sauƙin tarewa da akwati, wanda gaskiya ne a kimiyyar sauti. Jirgin aiki da ke kunna janareta dare da rana ya fi dacewa da na farko, ƙaramin jirgi mai ƙarancin wuri da ke kunna shi awa biyu a yini kuma da na biyu.

Na biyu a kan ko ma a rage dogaro da janaretan ne, ta hanyar batiran litiyam da inbata da faifan sola, a bar inji ya yi caji da rana da cikakken kaya, dare kuma a yi shiru. Wannan yana magance wata matsalar, domin injin dizal da ke daɗewa yana aiki da kaya kaɗan ba ya ƙone mai sosai, yana tara baƙi a ciki. Masu ja da baya suna nuni da tsadar farko da kuma cewa na'urar sanyaya ɗaki a ƙasa mai zafi tana cinye batir da wuri. Daga nan ne saɓani na uku ya taso, wato tsarin da ke tayar da janareta da kansa idan batir ya yi ƙasa. Yana kare batir, amma yana iya tashi makanike na da hannu a cikin inji, ko bawul ɗin ruwa yana rufe, ko mutane na iyo a gefe, don haka ba ya da aminci sai da makunnin hana shi da ke kusa da injin. Ga janaretan fetur kuwa, ƙa'idar da aka saba ita ce a kunna fankar fitar da tiriri na minti 4 kafin a tayar.

Wa dokokin suka shafa

Ƙa'idar IMO, wadda aka amince da ita a 2012 a madadin shawarwarin 1981 da ba su da tilas, ta shafi sababbin jirage masu girman tan 1,600 zuwa sama. Ta ƙayyade desibel 110 a ɗakin inji, 75 a ɗakin sarrafa inji, 65 a ɗakin matuƙi, sannan 60 a ɗakin kwana, ko 55 idan jirgin ya kai tan 10,000, tare da wajabta abin toshe kunne inda ƙara ta wuce 85. Ta ware jiragen kamun kifi, jiragen yaƙi, jiragen yashe da na shaƙatawa da ba na haya ba. Dokar Tarayyar Turai ta shafi jirage masu tsawon mita 2.5 zuwa 24, da iyakar desibel 67 ko 72 ko 75 gwargwadon ƙarfin inji, amma injin tuƙi take nufi. Jagororin IMO kan ƙarar cikin ruwa, waɗanda aka sabunta a 2023 saboda dabbobin teku, shawara ce ga manyan jirage.

Ke nan janaretan ƙaramin jirgi ya faɗa a tsakanin dokokin, kuma abin da ke taka masa birki yawanci sharuɗɗan wuri ne da na kamfanonin inshora. A magudanan ruwan Ingila da Wels, alal misali, sharaɗin lasisi ya hana kunna janareta a matsaya daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe, sai idan jirgin ya keɓe inda ba mai jin sa.

Abin da ya shafi masu jirage a ruwayen Nijeriya

Kwale-kwalen da ke aiki a Yawuri ko Baga da injin rataye a baya ba su da girkakken janareta, amma jiragen kwana na ma'aikatan mai a Neja Delta, jiragen kamun kifi na teku da jiragen shaƙatawa na Legas suna da shi, kuma matuƙa da makanikai da masu dafa abinci ne ke kwana kusa da shi. Hukumar NIMASA ce ke kula da jiragen teku da aiwatar da yarjejeniyoyin IMO, hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja kuma da hanyoyin ruwa na cikin gida. Ma'aikacin babban jirgi sabo yana da lambobin da zai iya kafa hujja da su, na ƙaramin jirgi kuwa ya dogara ne da abin da mai jirgin ya ga damar sawa.

Yanayin ruwan ma yana sauya lissafi. Ruwa mai ɗumi ba ya sanyaya inji kamar na Turai, laka da yashi suna cinye fuka-fukan famfo, leda da ciyawar ruwa mai kama da kainuwa da ke rufe gaɓar Legas suna toshe ragar da ke tace ruwan, don haka makunnin zafin hayaƙi ya fi zama wajibi a nan. Wasu jiragen aiki suna kauce wa matsalar ta hanyar zagaya da ruwan inji cikin bututun da ke manne a ƙasan jirgi, su fitar da hayaƙi a bushe ta sama, tsarin da ya fi ƙara kuma yake buƙatar salansa babba da naɗi mai hana zafi. Wanda ya sayo jirgi na hannu daga Amurka kuma zai tarar da allon da aka haɗa don bolt 120 da 240 a hez 60, alhali wutar Nijeriya bolt 230 ce a hez 50. Taransifoma tana gyara bolt amma ba ta sauya hez, kuma idan aka sauke gudun janaretan daga 1,800 zuwa 1,500 domin ya dace da kayan gida, ƙarfinsa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin shida, sannan sai an sake saita na'urar daidaita bolt, an sauya ma'aunan allon, an kuma duba ko birekoki da kayan wutar da ke cikin jirgin za su iya ɗaukar sabon tsarin.